Farar Fijo a Kasuwar Gwaram

Shekarar da aka fara aikin gada a hanyar garinmu ina aji uku a wata kwalejin kwana kusa da Birnin Kudu. Kuɗin mai sun fara shigowa, duk inda ka duba katafila ce ke ture ƙasa. Tare da katafilar wani labari ya iso mana: wai gada ba ta tsayawa sai an binne kawunan mutane a gindinta, kuma akwai wasu masu farar Fijo da ke bin ƙauyuka suna yanko wa 'yan kwangila.

Ranar Asabar in mun yi wanki muka shanya a kan duwatsu, hirar ke nan. Wani ɗan Dingaya ya rantse an tsinci gawa ba kai a gonar dawa. Wani ɗan Yalwan Damai ya ce turare suke fesa wa mutum, ya bi su kamar akuya. Daga bakinmu labarin ya koma wurin masu ƙosai a bakin ƙofa, daga nan direbobi suka kwashe shi.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, abokina da gadonsa ke saman nawa. Ɗan Kano ne, siriri, ga dariya. Da an fara sai ya ce, "To ku da kuka san wannan duka, a wace kasuwa ake sayar da turaren? Ina so in fesa wa malamin lissafi."

Da aka ba da hutu ya biyo ni Gwaram don ya ga gidanmu. Kawunsa, wani Alhaji mai sayen gero da wake, shi zai biyo ya ɗauke shi ranar kasuwa. Da hantsi muka je jiransa a gindin wata tsamiya. Sai ga shi a sabuwar mota, fara fes, Fijo. Abokina ya zungure ni yana dariya.

Alhaji ya amsa gaisuwarmu, ya shiga wajen mahauta, ya fito da buhu ya jefa a but ɗin motar. Matarsa na sana'ar farfesu, kawunan awaki ya saya mata. Ya koma cikin 'yan hatsi.

A ranar wata mata ta tashi ba ta ga ɗanta ba, tun safe take zagaya kasuwa tana kuka. Wani ya hango jini yana ɗiga daga bayan motar zuwa ƙasa. Ban ji wanda ya fara ihu ba. Na dai ga mutane suna barin rumfuna a guje, wasu da sanduna, wasu da tabarya, wani da ƙotar gatari.

Alhaji ya taho da sauri, makulli a hannu. "Ku tsaya, bayin Allah! Bari in buɗe muku ku gani."

Ya buɗe. Wani ƙato ya fizgo buhun, bakinsa ya kwance, kawunan suka gangaro cikin ƙura da ƙahonninsu. Na gaba sun gani. Wani a cikinsu ya ce, "Kawuna ne!" yana nufin ya ƙarasa da cewa na awaki ne, amma na baya abin da suka ji ke nan. Suka danno.

Sandan farko a ƙeya ya sami Alhaji, hularsa ta yi sama. Ya durƙusa, wani ya kai masa dutse a kafaɗa. Abokina ya kutsa yana ihu, "Kawuna ne! Wallahi kawuna ne!" Yana nufin ɗan'uwan mahaifiyarsa, su kuwa suka ɗauka shaida yake bayarwa. Da ya faɗa kan Alhaji ya rufe shi da jikinsa, sai suka ce ai yaronsa ne. Na ga tabarya ta sauka a fuskarsa. Na riƙe rigar wani ina cewa baƙona ne, ya maka mini gwiwar hannu a baki, haƙorina ya fita. Na ɗauki kan akuya ɗaya na ɗaga sama, jini na bin hannuna, ina kiran jama'a su duba. Babu wanda ya kalle ni.

Aka kife motar, aka cinna mata wuta. Zafin wutar ne ya fara ja da mutane baya, sannan dogaran hakimi suka iso da bulala, mahaifina na bin su ba takalmi. Kasuwa ta yi tsit. Can sai ga yaron da ake nema a kafaɗar kakarsa, yana shan rake.

A bayan wata a-kori-kura muka kwantar da su zuwa asibitin Birnin Kudu. Kan Alhaji na bisa cinyar mahaifina, mahaifina yana ta maimaita masa kalmar shahada. Ba mu kai ba ya cika. Abokina ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi.

Da aka koma makaranta, ranar wankin farko, na ji wani ɗan aji huɗu yana ba sababbin ɗalibai labari: an kama masu yankan kai a Gwaram, an sami kawunan yara cike da but. Ban san sanda na hau shi ba. Na yi ta buga kansa da dutse har sai da aka ɓamɓare ni. Aka yi mini bulala a gaban taro, ban ji zafinta ba sai washegari.

Abokina bai dawo ba. Mahaifinsa ne ya zo ɗaukar akwatinsa, na kai masa har bakin mota. Ya dubi gurbin haƙorina ya ce, "Kai ne na Gwaram?" Na ce ni ne. Ya ce in gaida mahaifina, ya shiga, suka tafi.