Gwaggo Tela da Ƙyallen Wuyan Jesi

Kullum da hantsi, kafin ta taɓa ɗinkin kowa, Gwaggo Tela sai ta buɗe akwatin da take ajiye takardun yaran kulob ɗinmu na ƙwallo. Ta ware wanda iyayensa ba su sa hannu ba, da wanda likita ya ce ya huta. Shekara ashirin da uku ke nan tana sakatariyarmu, daga ɗan shagonta da ke kallon fili. Wannan watan take ajiye aiki, don ido ya fara yi mata gardama.

Mu bakwai ne masu horar da yaran, kuma ba wanda bai sha faɗanta ba. Dokar da ta fi ba mu ciwon kai ita ce ba yaron da zai taka fili sai ta ɗinka masa farin ƙyalle a cikin wuyan jesi, ɗauke da lambar wayar gidansu da ciwon da yake fama da shi, in akwai. Da zare take rubutawa, wai tawada wanki take bi. Ni da bakina na taɓa ce mata ɓata lokaci ne, ai lambobin duk suna wayata. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ranar da wayar ta mutu fa. Na yi dariya na wuce abina.

Ai kuwa na ga ta kaina. Mun je wasa wani gari mai nisa, bayan an dawo daga hutun rabin lokaci golanmu, ɗan shekara goma sha ɗaya, ya durƙushe yana kokawa da numfashi. Sabon zuwa ne, ban san komai a kansa ba. Na zaro waya, ashe ta mutu tun a mota. Nas ɗin filin ce ta tallafo kansa, ta ga ƙyallen, ta karanta: asma, maganin shaƙa yana aljihun jakarsa. Can ba da jimawa ba yaro ya dawo hayyacinsa, har yana tambaya ko an zura masa ƙwallo. Da muka dawo na kasa haɗa ido da Gwaggo. Ita kuwa sai kawai ta miƙo mini cajar waya.

Ke ce, Gwaggo, kika shiga tsakiyar fili da lema kika tsayar da wasa ranar da ake walƙiya, iyaye na ta guna-guni. Ke kika hana mu barin yaro shi kaɗai yana jiran a zo ɗaukarsa. Allura ƙarama, mai ɗinke ɓarakar manya!

To, bana sabbin jesi sittin suka iso, ga wasan farko saura mako guda, ga mai ɗinkin ba ta ganin kafar allura. Shugaban kulob ya ce a haƙura da ƙyallen haka nan. Gwaggo ta ce in ba ƙyalle, ba wasa. Ranar Asabar ta tara mu, mu bakwai, ta jera mu a bencin shagonta, kowa da allurarsa. Ƙartin maza muna ta soke yatsu muna tsaki, masu wucewa na leƙe suna sheƙa dariya. Sau uku tana sa ni in warware nawa, don ta shafa ta ji bakwai ɗina ya yi kama da ɗaya.

"Ɗan nan," in ji ta, "lamba ɗaya in ta karkace, uwar wani za a kira."

Ranar wasa ta zauna a bakin fili, yara suka yi layi, tana bin wuyan kowa da yatsa. Da ta zo kan ɗinkina sai ta daɗe tana shafawa. Sannan ta yi murmushi.

"Mummuna ne, amma zai karantu. Ku shiga."

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa idon nan haske. Ku kuma 'yan'uwana masu horar da yara a wasu filayen, kada ku jira sai ɗan wani ya faɗi a gabanku. Ku zo ku koya, da sauran wuri a bencin.