Goggon Ɗalibai da Bitar Asabar

Haihuwa da asali

An haifi marigayiyar da dubban ɗalibai suka sani da laƙabin Goggo a shekarar 1952, a wani garin 'yan kasuwa da ke kan hanyar jirgin ƙasa, a gidan haya da ke bayan layin masu gyaran keke. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana wanda yakan wuni sunkuye a kan teburinsa da gilashi maƙale a ido ɗaya. Mahaifiyarta kuwa ungozoma ce a asibitin garin. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma tun ba ta cika shekara biyu ba bakinta ya buɗe, bai sake rufuwa ba, har yayyenta suka raɗa mata suna Rediyo. An ruwaito cewa mahaifinta yakan ce duk agogon da aka kawo masa ya san inda ake tsayar da shi, amma wannan yarinya bai ga makunninta ba.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare a shekarar 1959, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1966, inda ta shugabanci ƙungiyar muhawara har ta kammala, ba a taɓa kayar da ita ba. A 1972 ta samu gurbi a jami'a, ta karanci ilimin zamantakewa, ta fita a 1975 da sakamakon da malamanta suka daɗe suna kafa misali da shi. Abokan karatunta sun shaide ta da kaifin basira da kyauta da gudun ƙarya, sun kuma shaide ta da wata tawaya guda: ba ta barin mutum ya kai aya a maganarsa.

Aikin farko

A shekarar 1976 wani kamfanin sufuri ya ɗauke ta aiki a sashen kula da ma'aikata. Ba ta shekara ba aka sallame ta. Dalili shi ne, a wani taro da aka yi da baƙi, wani abokin aikinta yana tsaka da gabatar da shawararsa ta katse shi, ta kira shawarar shirme, sannan ta kawo hujjoji masu ƙarfi da suka tabbatar da cewa shirmen ce. Manajan kamfanin ya kira ta ofis bayan baƙi sun tafi, ya ce mata, “Gaskiyarki ce, kuma kanki ya fi na kowa ja a gidan nan. Amma babu wanda ke son ya zauna ɗaki ɗaya da ke.”

Ta koma gidan iyayenta da takardar digiri a jaka, ta yi watanni tana kai ƙarar manajan ga duk wanda ya shigo. Mahaifiyarta ta bar ta har ta gaji, sannan wata rana tana wanke kayan aikinta ta ce da ita, “'Yar nan, a ɗakin haihuwa wadda ta fi kowa ihu ba ita ke karɓar jariri ba.” Marigayiyar ta sha faɗa daga baya cewa daga ranar ta daina kai ƙarar manajan.

Aure

A shekarar 1978 ta auri wani mai haɗa magunguna wanda abokansa ke kira Ƙanƙara saboda sanyin halinsa. Dangi suka yi ta zolaya cewa Allah ya haɗa rediyo da mai sauraro. Mijin yana da wata ɗabi'a: idan ta gama zazzaga faɗa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “To, ga abin da na ji kin ce,” ya maimaita mata maganarta daki-daki, babu ƙari babu ragi. Sau da yawa idan ta ji maganar daga bakin wani sai kunya ta kama ta, ta ce ba haka take nufi ba. Shi kuma ya ce, “Madalla. To me kike nufi?” A haka suka zauna shekara talatin da bakwai.

Aiki a jami'a da mafarin bita

A shekarar 1979 aka ɗauke ta mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a jami'ar da ta yi karatu. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, mai tebur ɗaya da allon makullai da kujerar baƙo wadda ƙafarta ɗaya ta gaza. A kan wannan kujera ta ga abin da ba ya fitowa a takardar jarrabawa: ɗalibar da ta fi kowa maki amma ba ta iya buɗe baki ta nemi alfarma, da wadda ke barin karatun zango guda sai jarrabawa ta zo, da wadda ta faɗi darasi ɗaya ta ɗauka duniya ta tashi. Tun a lokacin ɗalibai suka fara kiranta Goggo, domin faɗanta da jan kunnenta irin na ƙanwar uba ne.

A shekarar 1984 wasu ɗalibai biyu 'yan ajin ƙarshe, masu kwana ɗaki ɗaya, suka yi faɗa a kan dutsen guga, har ɗaya ta ƙone a hannu. Kwamitin ladabtarwa ya yi niyyar korar su duka biyun, alhali saura zango ɗaya su kammala. Goggo ta shiga gaban kwamitin ta roƙi a ba ta amanarsu, ta kuma yarda cewa idan suka sake faɗa a sallame ta tare da su.

Ranar Asabar ta tara su a ɗakin wanki, ta zaunar da su a kan benci suna fuskantar juna, ta kafa musu sharaɗin da ta koya a gidan mijinta: babu mai mayar da martani sai ta maimaita abin da 'yar'uwarta ta ce, har mai maganar ta yarda an fahimce ta. Zaman farko bai yi daɗi ba. Mai ƙunar ta ce, “Goggo, ni zan maimaita ƙaryarta?” Goggo ta ce, “Ba ce miki na yi ki gaskata ba, 'yata. Cewa na yi ki maimaita.” A zama na uku ne ta bayyana cewa rigimar ba ta dutsen guga ba ce. Ɗayarsu ta daɗe tana jin ciwon yadda ɗayar ke kwaikwayon maganarta a gaban ƙawaye, ita kuwa mai kwaikwayon ta ɗauka wasa ne. Dukansu biyu sun kammala karatu a shekarar.

Maƙwabtansu da ke laɓe a bakin taga suka fara shigowa, har ɗakin wanki ya yi kaɗan. A 1987 hukumar jami'a ta ba ta wani zaure kusa da ɗakin karatu, aka buɗe ƙofa ga maza da mata, aka san taron da sunan Bitar Asabar. A nan ake koyon sauraro da tsara lokaci da haɗiye fushi da magana a gaban jama'a da yadda ake shiga ganawar neman aiki. Ba ta yarda da doguwar lacca ba. Takan sa ɗalibi ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofa ya shigo ya gabatar da kansa, idan ya shigo yana kallon ƙasa ta ce, “Ɗana, takalminka ne zai ɗauke ka aiki?” Sai a yi dariya, ya fita ya sake shigowa. A ƙarshen kowane zango kuma takan gayyato tsofaffin ɗalibai su ba da labarin faɗuwarsu, ba na nasararsu ba, ita ma takan ba da labarin korarta daga kamfanin sufuri ba tare da ta rage komai ba.

Rasa zaure

A shekarar 1994 sabon magatakardan jami'a ya kawo shawarar mayar da zauren ofisoshi, bisa hujjar cewa bitar ba ta cikin manhaja kuma ma'aikata na cunkushe. A taron da aka kira, wani malami ya kira aikinta darasin gaisuwa, aka yi dariya. Masu iya magana sun ce wanzami ba ya son jarfa. Goggo, wadda ta shekara goma tana koyar da haɗiye fushi, ta miƙe ta katse magatakarda, ta gaya wa mahalarta taron magana mai zafi ɗaya bayan ɗaya, ta fita ta buga ƙofa. Waɗanda suka zo da niyyar goya mata baya suka janye, aka karɓe zauren.

Da ta kai wa mijinta labari, ya saurara har ta gama, ya ce, “Yau kam rediyo ta kama tsohuwar tasha.” Washegari ta koma ofishin magatakarda ta ba shi haƙuri, ta bi sauran ofis-ofis, kuma ranar Asabar ta tara ɗalibanta a barandar ɗakin karatu ta shaida musu cewa bakinta ne ya jawo musu zaman baranda. Shekara biyu ana bita a wurin, ruwa da rana. A 1996 magatakardan da kansa ya ba ta tsohon ɗakin ɗab'i da ke bayan filin wasa, ɗalibai suka kankare tawadar da ke ƙasa suka yi fenti. Ita da shi sun zama aminai har ƙarshen rayuwarsa, kuma a 2002 majalisar jami'a ta mayar da bitar cibiya mai cin gashin kanta, aka naɗa ta shugaba.

'Ya'ya

Allah ya albarkaci aurenta da 'ya'ya huɗu, waɗanda sukan yi mata ba'a cewa su ba sa buƙatar zuwa ranar Asabar, tunda a gidansu kullum bita ake. Jarrabawarta mafi girma a kansu ta zo a shekarar 2004, lokacin da ɗanta, na uku a cikinsu, ya bar karatun injiniya a aji biyu ya ce kafinta yake so ya zama. Magana ta bazu a jami'a cewa mai gyara 'ya'yan wasu ta kasa gyara nata. Ta yi fushi, ta daina yi masa magana na wani lokaci, abin da dangi suka ce ba su taɓa gani ba.

Daga bisani ta je shagon da yake koyon aiki, ta zauna a kan katako cikin ƙurar zarto, ta ce ya faɗa mata dalilinsa. Ya yi bayani mai tsawo, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, “Ga abin da na ji ka ce: a aji kana jin kamar an ɗaure ka, a nan kuma kana ganin abin da hannunka ya yi.” Ya ce, “Haka ne, Mama.” Ta ce, “Ban ji daɗi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na ji.” Kujerun da ake zama a kansu a cibiyar yau aikin hannunsa ne.

Ritaya da tsufa

Ta yi ritaya a shekarar 2012, ta miƙa cibiyar ga wani matashin malamin ilimin halayyar ɗan'adam da ta horar, kuma ta ƙi amincewa a sa wa ginin sunanta. Mijinta ya rasu a 2015. Bayan haka ta koma gidan babbar 'yarta, inda ta shagala da shuka furanni a tsofaffin gwangwanaye da muhawara da jikoki, waɗanda ba ta taɓa bari su ci ta da gangan ba. Lokaci-lokaci takan leƙa cibiyar ta zauna a layin baya, kuma shugaban ya shaida cewa ba ta taɓa gyara masa magana a gaban ɗalibai ba, sai dai ta tare shi a bakin mota.

Rasuwa

A farkon shekarar 2022 ciwon hanta ya kwantar da ita a asibitin koyarwa. Ranar da sakamakon gwaji ya fito, wani matashin likita ya zo ya tsaya a gefen gadonta yana juya takardu yana kewaye-kewaye. Ta ce masa, “Likita, jawo kujera ka zauna. Ka dube ni, ka faɗa mini a sarari, ni ce mai ciwon.” Ya zauna ya faɗa mata cewa ciwon ya wuce magani. Ta yi hamdala, sannan ta ce, “Ka kyauta. Gobe idan za ka gaya wa wani, haka za ka yi.”

Ta nemi a mayar da ita gida, kuma a nan ta rasu cikin watan Mayu na shekarar, da hantsi, 'ya'yanta na kewaye da ita, tana da shekara saba'in. An yi jana'izarta a ranar, aka binne ta kusa da mijinta. Jama'ar da ta halarta ta cika layin har bakin titi, kuma babban ɗanta ya ce da farko yana tambayar masu ta'aziyya ta wane ɓangare suke da dangantaka, amma da ya ji kowa na cewa “Goggona ce,” sai ya daina tambaya.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarta malamar lissafi, da babban ɗanta likitan dabbobi, da ƙaninsa kafinta, da auta 'yar jarida, wadda dangi suka yi ittifaƙi ita ta gaji bakin. Ta kuma bar jikoki goma sha ɗaya da ƙanwa ɗaya. Allah ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta, ya saurari roƙon waɗanda ta saurara.