Yehezkel Abudi, Cikon Goma

Ranar Talata, uku ga watan Tammuz na kalandar Yahudawa, ana tsakiyar damina, Allah Ya karɓi ran Yehezkel Abudi a gidansa da ke Yangon. Na so in rubuta alherinka zalla, Yehezkel, amma abin da idona ya gani a maƙabarta ya tsaya mini a wuya.

Tun da Yahudawan garin nan suka watse, wasu Landan wasu Urushalima, aikinka ɗaya ne: cika mu goma. Ba a fito da Attaura, ba a yi wa mamaci addu'ar Kaddish, sai maza goma sun tsaya. Kai ke bin gidaje da sassafe da tsohuwar lemarka kana ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar Asabar, da ba a hawa mota ba a riƙe lema, haka kake shigowa majami'a sharkaf. Da yake ba ma ƙirga mutane da lamba, sai ka bi mu da wata aya mai kalma goma, kowane kai kalma ɗaya, ta ƙarshe ka ajiye wa kanka.

Ba wanda ya more ka kamar Naji Shohet. Da mahaifinsa ya rasu, watannin makoki kaf kai ka riƙa tara masa mutane. Har ranar da zazzaɓi ya kayar da kai sai da ka zo, kana rawar ɗari, ka ce masa, "Karanta, ɗana, kada tsohon nan ya yi ta jira."

Washegarin rasuwarka muka kai ka. Ɗanka Eliyahu ya tsaya bakin kabari, gaban rigarsa a yage kamar yadda aka saba, yana jiran ya yi maka Kaddish. Na bi kawunanmu da ayar, kalma ɗaya ta rage babu mai ita. Aka aika wa Naji, wanda motarsa ke ajiye a ƙofar gidansa. Saƙon da ya dawo shi ne, "Ku ce musu ruwa ake yi, kuma ina da baƙi."

Wannan bai ishe mu ba, sai Salman surukin Naji ya dube ni yana kakkaɓe takalmi ya ce, "Kawu Ezra, ga mamacin nan kwance, a lissafa da shi mana. Dama shi ne cikon, ai ya saba." Wasu har da murmushi. Raina ya ɓaci, na ji ƙyamar mu duka, domin ba wanda ya kwaɓe shi sai ni. Mutum ya yi mana bauta da ransa, muna so gawarsa ma ta rufa mana asiri.

Eliyahu ya rufe littafin addu'a. Muka tura ƙasa ba Kaddish. Na lura muna ta waiwayen ƙofar maƙabarta, saboda mun saba in muka gaza kai ke shigowa.

Allah Ya jiƙanka, Yehezkel, Ya hutar da ƙafafun nan naka a Aljanna tare da salihai. Ina yi wa matarka Farha da Eliyahu ta'aziyya, Allah Ya sanyaya zukatansu daga sama.

Kai kuma Naji, ba a tashi zaman makoki ba tukuna. Eliyahu na zaune a ƙasa kamar yadda masu makoki ke yi, kullum da yamma mu tara ne. Lemar Yehezkel tana jingine bayan ƙofa, in ruwa ne matsalarka zan aiko maka da ita.