Hamman da Ledar Wankin Inji

Kafin ya zama mai wankin mota a bakin rafin Tudun Wada, Hamman makiyayi ne. Ciwon bushiya na shekarar 1983 ya share masa garke kaf, ya bar shi da sanda.

Direbobi suna yi masa tsiya wai mota ma kiwonta yake yi. Ba ya taɓa bokiti sai ya ɗora bayan hannu a kan bonet, kamar mai duba zazzaɓin saniya. In da zafi, sai a jira. In ta huce, ya ɗaure distiributa da leda don kada ruwa ya shiga inda wuta ke bi, ya rufe kan batir, sannan ya bi injin da tsumma.

Wata ranar kasuwa wani direban hanyar Doguwa, Zailani, ya ƙosa, fasinja na jiran sa a tasha.

"Baffa, ƙarfe ne fa, ba saniya ba!" in ji shi. Ya fizge bokitin, ya sheƙa wa injin ruwa.

Aka murɗa makulli, shiru. Aka tura, shiru.

Hamman ya matso. Ya cire murfin distiributar, ya goge shi da bakin rawaninsa, ya shanya a rana, ya mayar. Mota ta tashi.

Zailani ya sunkuyar da kai. "Baffa, me ya sa kake lallaɓa su haka?"

"Shanu arba'in suka mutu ina kallo, na rasa abin yi," in ji Hamman. "Wannan kuwa leda kaɗai take nema."