Lorraine da Littattafan Bakin Taga

Ranar Litinin, huɗu ga Maris na shekarar 2013, na fara haɗuwa da Lorraine Wojcik. Ta shigo laburaren garinmu da dusar ƙanƙara a takalmi, ta tattake kafet ɗin da aka wanke, ta dire jakarta a kan teburina, ta ce ta zo aikin sa-kai. Ni ne akawun da ke kula da aron littattafai da mayar da su. Na miƙa mata takardar cikewa, ta rubuta sunanta a gurbin adireshi.

Kafin ta yi ritaya, ita ce mai zuba wa yara abinci a makarantar sakandare. Don haka ta san matasan garin kaf, ta san mai ci a cikin abokai, ta san mai ɗaukar farantinsa ya koma gefe shi kaɗai. Shugabarmu, Misis Abernathy, ta ba ta sashen matasa da ke can lungu kusa da taga. Tun daga ranar ban ƙara samun littafi a inda lambarsa ta ce yake ba.

Ba ta tambayar yaro irin labarin da yake so. Tambayarta ɗaya ce: "Da wa ka ci abinci yau?" In ya yi shiru, sai ta ciro masa labarin jarumin nan da ake yi wa dariya a aji, alhali shi ke tashi sama yana ceton birni. Yarinyar da iyayenta ke shirin rabuwa, ta ba ta labarin wata da ta girma tsakanin gida biyu. Akwai kuma waɗanda ba ta miƙa wa kowa hannu da hannu: labarin yaron da ya gane namiji ɗan'uwansa zuciyarsa ke so, ko yarinyar da ta kamu da son ƙawarta. Waɗannan a bakin taga take ajiye su a kife, ta tafi goge ƙura a wani wuri. Mai buƙata ya ɗauka ya karanta a nan.

"Lorraine," na ce mata, "wannan littafin gidansa kanta ta uku ne."

"Kai ma gidanka titin Maple ne, Vern, ga ka nan kana cika mini kunne."

A shekarar 2016 ofishin gunduma ya kawo doka: duk littafin da ya yi shekara biyu ba a are shi ba, a fitar da shi a sayar. Da na duba kwamfuta, sai ga littattafan bakin taga kusan duk sun faɗa ciki. Na kira ta na nuna mata.

"Ba mai karanta su," na ce. "Ga shi a rubuce."

Ta ɗauko ɗaya ta girgiza shi a kan teburina, ɓarɓashin soyayyen dankali ya zubo. Bangon ya yi laushi kamar tsumma.

"To wa ya ci dankali a ciki, aljanu?"

"Su ara mana, kamar kowa."

"Su ara? A garin da uwar yaro ke tsaye a bayansa, kai kuma kana rangaɗa sunan littafi kamar mai shela? Haba sarkin lissafi!"

Ina faɗin sunan ne don tabbatarwa, haka ƙa'ida ta ce. Na gaya mata, ba ta saurara ba. Ta zaro katinta na aro ta ce in zuba mata su duka. Na ce kati ɗaya ba ya wuce littafi ashirin.

Da mako ya zagayo, sai ga ta da matan cocinsu masu ɗinkin bargo, ƙaramarsu ta haura saba'in. Kowace ta buɗe kati, ta kwashi littattafan matasa, ta fita, ta jefa su a akwatin mayarwa da ke bakin ƙofa. Ni kuma in je in kwaso, in sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Na kai ƙara wurin Misis Abernathy. Ta ce aro aro ne, doka ba ta ce sai an kwana da littafi ba.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Wata daga cikinsu, Gladys Purcell, ta manta nata a mota, ta buɗe shi a layin jiran likita. Washegari ta zo ta doki teburina da sanda.

"Vern, ina kashi na biyun? An bar yaron mutane yana lilo a saman bene!"

Wata kuma, Bernadette mai kaɗa kiɗan coci, ta tafi da labarin yarinyar nan mai son ƙawarta. Da ta dawo da shi, ta daɗe a tsaye tana gyara tabarau, sannan ta ce in sabunta mata aron, tana da jika mace a birnin Cleveland da suka daɗe ba su yi magana ba.

Kafin kaka ta shigo, bakin taga ya zama wayam, littattafan duk suna gidajen tsofaffi. Matasa su zo su leƙa su juya. A gabana Lorraine ta tare Gladys.

"Cewa na yi ki ara ki mayar, ban ce ki karanta ba! Na yara ne!"

"To ni da tsufana aka haife ni? Sai na ga ƙarshensa."

Suka yi ta yi har na nuna musu allon da ya ce a yi shiru. Ba wadda ta kalle shi.

Ofishin gunduma ne ya raba gardamar ba da saninsa ba. Da suka ga tsofaffi sun fi kowa aron waɗannan littattafai, sai suka aiko da wasu kwafi masu manyan baƙaƙe, irin na masu raunin ido. Tsofaffi suka koma kan waɗannan, na asali suka dawo bakin taga. Ko ɗaya ba a sayar ba. Ni na yi wa sababbin lamba, na kuma nema musu kantar da ba mu da ita.

Har yau kowace safiya ina mayar da na asalin kanta ta uku, kafin la'asar in tarar da su a bakin taga a kife. Na liƙa sanarwa, an yi alamar shafi da ita.

Lorraine ta bar aiki a 2021 da ciwon gwiwa ya matsa mata, ta koma wurin 'yarta a birnin Tucson. A can ta rasu cikin Fabrairun bara, tana da shekara saba'in da tara.