Wayar da taubashina ya ba ni in riƙe

Shi da tsumma ya riƙo wayar, ni kuwa ya miƙo mini bakinta tsirara. Nan gabana ya faɗi. Na dubi ma'aikatan lambu, su huɗu, na ga kowa ya yi tsit, ɗayansu har ya sa hannu ya rufe baki. Duk da haka na karɓa, don ban so a ce 'yar lakwal, wato 'yar boko, matsoraciya ce.

A lambun gwaji na gwamnati nake aiki, cikin fadama, kusa da Tibiri, ni ce mai rubuta takardu. Akwai wata tsohuwar tarakta da Nasara suka bari da za su tafi, ƙarama, mai ƙafa biyu, wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da ƙahonta kamar garma. Kwana shida ta ƙi tashi, ga lokacin dashen albasa yana wucewa. Aka ɗauko makaniki daga Dogon Dutsi, kuma ba kowa ba ne illa taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata, wanda tun muna yara yake ce mini baiwarsa. Shugaban lambu ya ce in fito da littafin injin in karanta musu, tunda da Faransanci yake.

Ya wanke buji, wato fulogi, da esansi, man fetur ke nan, ya kankare bakinsa, ya ja igiya, shiru. Ya sa wani bujin, shiru. Ni ina bin zanen littafin da yatsa. Wayoyi biyu ne ke fita daga manyeto, wato abin da ke haifar da wutar: mai kauri ta tafi buji, siririya ta tafi maɓallin kashewa. Littafin ya ce muddin siririyar ta taɓa ƙarfen jiki, wuta a nan za ta zube, ba za ta kai buji ba. Na leƙa, sai ga inda ɓera ya ci robar, jan ƙarfe ya kwanta a jikin injin. Na nuna masa.

"Ku ji hwa!" in ji shi. "Baiwata za ta koya mini aiki. Ke da ko dawo ba ki iya kirɓawa, mi kika sani ga ƙarhe?"

Aka yi dariya. Na mai da kai ga littafin in nemo shafin in karanta masa. Daga baya wani daga cikinsu ya faɗa mini cewa a wannan lokacin ne ya sa yatsa ya ɗage siririyar daga jikin ƙarfen. Wato ya yarda da maganata, ya kuma san wuta za ta zo. Sai ya zare mai kaurin daga buji ya miƙo mini.

"To riƙe nan, Madam, mu ga ko littahinki na da gaskiya."

Ya ja igiyar da ƙarfinsa duka.

Kamar an maka mini taɓarya a gwiwar hannu. Abin ya ratsa kafaɗa ya sauka har mara. Ban san na faɗi ba, sai ganina na yi zaune cikin kwamin albasa, harshena na jini. Su kuwa har da buga cinya. Shugaban lambu, dattijo mai furfura, yana share hawayen dariya yana cewa, "Wasan taubasai ne, ɗiyata, ba a hushi."

Ba a fushi! Ina da cikin wata biyar, na fari. Wanda duk ya tashi a Arewa ya san cikin fari ba a faɗarsa, ko uwarka sai dai ta gani da ido. Babbar riga nake sawa. To ta yaya zan buɗe baki gaban maza shida in ce ku daina dariya, ba ni kaɗai wutar nan ta kama ba? Al'ada ta ba shi izinin ya yi mini abin da ya so, ita ce kuma ta ɗinke mini baki. Kuma kada wani ya ce mini bai sani ba. Uwarsa ce ta fara aiko mini da tsamiya.

Na koma ofis na zauna, hannuna a kan ciki. Kullum da hantsi, in na sha fura, yakan motsa kamar kifi a ƙwarya. Na sha. Na jira. Na ƙara sha. Babu. A waje sai ga tarakta ta tashi, tana tatata, ana ta sa wa makaniki albarka. Ɗan ƙyalle kawai ya naɗa wa wayar, daidai inda na nuna.

Azahar ta yi, babu motsi. Wata tsohuwa mai ban ruwa a lambun ta leƙo, ta dubi fuskata, ta dubi inda hannuna yake, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Tashi mu tahi." A ƙafa muka tafi, cikin rairayi, tana riƙe da ni. A hanya tana ta cewa wutar da ba ta da hayaƙi ai ta iskoki ce, gara mu biya wurin mai bori. Na ce a'a, Inna, likita. A raina kuwa, wallahi, ko ina ta ja ni da na bi. Ina tafiya ina roƙon Allah, ina kuma tsine wa ɗan kawuna, abin da ban taɓa yi wa jinina ba.

A ɗakin shan magani na Tibiri ungozoma ta kwantar da ni a gefen hagu, ta ba ni ruwan randa da sukari. Ta ɗauko wani ƙahon itace ta kafa a cikina, ta ɗora kunne. Ta matsa nan, ta matsa can. Ni dai rufin kwano nake kallo, har yau na san yawan ƙusoshinsa.

Ana kiran la'asar ta ɗago kai. Ta kamo yatsana tana buga shi a tafin hannunta, sauri-sauri, yadda take ji a kunnenta.

"Kin ji shi? Lahiya lau yake, ke ma haka. Tsoro ne ya ji, ya laɓe. Wane marar hankali ne ya ba ki waya?"

Na ce taubashina ne. Ta buɗe baki za ta yi dariya, ta dubi idona, ta fasa.