Lissafin Kaza da Habu Ya Bari

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanena Habu makwancinsa a ƙauyenmu na ƙasar Droum, kuma har yau ban daina kishinsa ba. Na san ba haka ake tuna mamaci ba, amma na gaji da yabonsa ina ɓoye wannan.

Mahaifinmu ne ake tambaya a garin in ruwan farko ya sauka, ko na shuka ne ko na yaudara. Yakan lura da taurarin nan da muke kira Kaza da 'ya'yanta, lokacin da suke ɓacewa a yamma da lokacin da suke sake fitowa a gabas da asuba, ya haɗa da yanayin iska, sannan ya ce a shuka ko a dakata. Ni ne babba, ni ya kamata in gaje shi. Sai aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, aka bar Habu a gida saboda amosanin jini, ciwon da ke murɗe masa gaɓoɓi duk damina. Tunda ba ya iya daɗewa a gona, Baba ya zaunar da shi gefensa ya koya masa komai.

Na zama mushe, kamar yadda muke kiran malamin makarantar boko, na yi shekaru a Birni ina zana wa yara duniyoyin da ke kewaya rana a kan allo. Amma in na je gida hutu, gaisuwa kawai manoma ke yi mini, su wuce su durƙusa gaban Habu. Abin yana ci mini rai ƙwarai. A jinyarsa ta ƙarshe ya ce mini, "Yaya, matso in faɗa maka lissafin Baba tun ina iya magana." Na ce, "Bari ka warke tukuna, ai ba gudu zai yi ba." Ƙarya na yi masa. Zama ɗalibi gaban ƙanena ne ba na so.

Yau wayata cike take da hotunan da sabbin na'urorin hangen nesa ke aikowa daga sama: tarin taurarin da haskensu ya taso tun kafin a yi duniyarmu, da wasu duniyoyi masu kewaya tasu ranar. Na san da Habu na nan zai karɓi wayar ya jujjuya, ya tambaye ni da tsokanar nan tasa ko na'urar ta faɗi ranar shuka gero a Droum.

Labarin da ya fi hana ni sukuni shi ne na likitocin waje da suka fara gyara ƙwayar halittar masu amosanin jini, har wasu suka rabu da ciwon. Na yi hamdala, amma kishin iyalan nan nake, mutanen da ban taɓa gani ba, da aka mayar musu da ɗan'uwansu yana tafiya da ƙafarsa. Mu sai dai mu ji a rediyo. Da wannan magani ya riski Habu, da wataƙila na samu lokacin sauke girman kaina.

Bara ruwan farko ya same ni a ƙauye. Dattawa uku suka zo suka ce, "Mushe, kai ne ɗan gidan, ga kuma waya a hannunka. Mu shuka?" Ranar da na daɗe ina jira ce. Na duba wayar, na dubi ƙasa ta jiƙe, na ce su shuka. Cima, 'yar Habu da ke aure a garin, ta ce a hankali, "Baba, Kaza ba ta fito ba tukuna. Wannan ruwan ba na shuka ba ne." Na ce ta yi mana shiru. Ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone, waɗanda suka bi maganata suka rasa irinsu. Mijin Cima da ya dakata bai yi asarar ko ƙwaya ba.

Ashe ita Habu ya koya wa. Kishin ya dawo mini sabo, wannan karon na yarinyar da na yi wa huɗuba da bakina.

Habu bai bar gona mai yawa ba, bai bar ko layi ɗaya a rubuce ba. Abin da ya rage nasa yana kan Cima, kuma shi ke ciyar da gari. Da bazarar nan na tafi gidanta, na zauna a tabarma, na ce ta koya mini. Ba ta yi mamaki ba.

Ta ce, "Ai ya bar mini saƙo, Baba. Ya ce in ka zo da kanka in koya maka duka, in ba ka zo ba kada in neme ka."

Ya san zan zo. Abin da bai sani ba shi ne sai na salwantar da irin mutane tukuna.